Kakana Ya Auna Jinin Kowa Ban Da Na Ɗansa

Ranar Juma'ar da kakana ya rasu, yawancin mutanen da suka fara cika ƙofar gidanmu sun zo ne su yi masa gaisuwar mutuwar ɗansa.

Ban ga laifinsu ba. Babana, wanda shi ne ɗan farin kakan nawa, dillalin shanu ne a kasuwar Wudil, kuma ranar bai fita ba saboda ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk wanda ya san shi ya san ya daɗe yana fama. To da hantsi sai labari ya shiga kasuwa cewa an yi rasuwa a gidan Malam, ba kuma wanda ya tsaya tambayar wane ne. Dillalai suka bar shanu a ɗaure suka yo gida suna salati, wasu har sun fara yabon halinsa tun a hanya. Suna shan kwana suka tarar da shi zaune a kan tabarma, ya haɗa kai da gwiwa. An ce ɗaya daga cikinsu sai da ya ja da baya ya dafa bango.

Ni ina aji ina koyar da 'yan firamare Gwaggo ta kira ni, ƙanwar Baba ke nan. Kuka take yi, abin da na iya ji kawai shi ne in zo gida an yi rashi. Ni ma ban tambaya ba. Tun daga ƙofar makaranta har bakin layinmu Baba nake yi wa kuka a cikin adaidaita. Ina sauka na hango shi da ransa. Wallahi ban san ko murna zan yi ko ihu zan kurma ba, don a take na gane idan ba shi ba ne, to wani ne. Na shiga gida ina duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, har na ga keken Kaka a jingine a inda ba ya ajiye shi.

Ban gama dawowa hayyacina ba sai ga aminin Kaka, wani tsohon masunci da suka tashi tare, ya shigo har tsakar gida don shi ba baƙo ba ne. Ya durƙusa gaban Inna, kakata, ya ce ina Malam ɗin yake, a ce masa ya yi haƙuri, rashin ɗa babba sai mai imani. Inna ta nuna masa ɗakin da aka shimfiɗe shi. Tsohon ya leƙa, ya juyo yana kallonmu kamar mu muka yi masa ƙarya.

"Jiya fa ya wuce ni a bakin gada a kan keke, yana yi min tsiya wai na tsufa."

Daga nan ya zauna daɓas a ƙasa, hularsa ta faɗi bai ko ɗauka ba.

Abin da ya faru bai da tsawo. Da safe Kaka ya sha kokonsa, ya hau keke ya tafi duba gonarsa ta hanyar Achika. Ya zagaya albasa, ya yi wa mai ban ruwa faɗa a kan wata kwata da ta fashe, ya zauna a gindin mangwaro ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan ya cika. Ba ciwon kai, ba zazzaɓi, ba wasiyya. Aka yi masa sallah bayan an sauko daga Juma'a, mutane har bakin titi, amma ni har yau idan na ji ƙararrawar keke sai na waiga.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a ce gobe an manta wane ne shi, a riƙa cewa wani tsoho mai keke. Kakana malamin jami'a ne, masanin sinadaran jikin ɗan Adam. Ya yi karatu har ƙasar waje, ya koyar a birni, da ƙarfinsa ya fara raguwa ya dawo Wudil ya ƙarasa aikinsa a nan. Amma a unguwa ba wanda ke ce masa Dakta. Malam mai ɓeraye ake ce masa a bayan idonsa, ni kuwa a gaban idonsa nake faɗa, don ni jikarsa ce, ba abin da zai yi min. Shi kuma ya ce min amarya mai bakin reza, wai da ya san haka zan zama da bai biya sadakina ba. A hannunsa na tashi. Ni ce 'yar farin Baba, ana yaye ni aka miƙa ni sashen Kaka da Inna kamar yadda aka saba, katanga ɗaya ce tsakaninmu da sashen iyayena.

Ɓerayen kuwa gaskiya ne. Farare ne tas masu jan ido, a keji a ɗakin gwaje-gwajensa. Ya taɓa kai ni ina yarinya, na ga yana yi musu sannu da kwana sai ka ce surukansa. Yakan jiƙa musu wani farin gari a ruwan sha, bayan 'yan makonni jininsu ya hau, ya sa musu wani ɗan zobe a wutsiya ya auna. Daga nan ɗalibansa su gwada ba su zoɓo ko tafarnuwa su ga ko zai sauka. Inna ta ce duniya ta zo ƙarshe tunda har ɓera ya samu mai dafa masa zoɓo, kuma ba ta yarda ya sa hannu a kwano sai ya wanke da sabulu a gabanta. Idan mutane suka tare shi suna tambaya ko su bar maganin asibiti su koma zoɓo, amsarsa ɗaya ce: ɓera ba mutum ba ne.

Sai da na girma na tambaye shi me ke cikin farin garin nan. Ya gyara zama, don ba abin da yake so a duniya kamar a yi masa wannan tambayar. Ya ce hanyoyin jinin mutum ba bututun ƙarfe ba ne, suna matsewa suna saki. Abin da ke gaya musu su saki wata 'yar iska ce da jiki ke yi da kansa, sunanta naitirik oksaid. Mai yin ta kuma wani ma'aikaci ne a jikin bangon jijiya, irinsu ake kira enzayim, kuma da abu ɗaya yake yin ta, wani amino asid mai suna arjinin, ɗaya daga cikin ƙananan tubalan da ake gina naman jiki da su. Da ya ga na fara hamma sai ya ce in ɗauka enzayim ɗin wanzami ne mai tabarma ɗaya. Arjinin ya zo da kai a buɗe ya zauna, a yi masa aski, iskar ta fita, ya tashi wani ya zauna.

To amma akwai wani arjinin ɗin da jiki ya riga ya liƙa wa wasu 'yan ƙullutai biyu a ka. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakina, Kaka dai mai hula biyu yake ce masa. Kamarsu ɗaya da na gaskiyar, don haka wanzami ya ba shi tabarma. Ga shi zaune, hula ba ta cirewa balle a yi aski, ga na gaskiya a tsaye yana jira. Kowa yana da irinsu kaɗan a jininsa, in ji shi, amma hanta da ƙoda suna da masu kakkaɓe su, sauran kuma su bi fitsari. Ranar da ƙoda ta gaji, masu hula su yi yawa a layi, iskar ta ragu, jijiya ta zauna a matse, jini ya hau. Hawan jinin kuma ya koma ya ƙara cin ƙodar. Farin garin da yake ba ɓeraye wani mai hular ne da aka ƙera a masana'anta don ya yi wannan ɓarnar da gangan. Yakan ƙara da cewa ba wannan kaɗai ke kawo hawan jini ba, amma shi a kansa ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Na ce masa wato shekara da shekaru gwamnati na biyansa don ya kalli mai hula ya hana wanzami aiki. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai gara shi, ni kuma ana biyana don in koya wa 'ya'yan mutane rashin kunya.

Da ya bar aiki sai ya mai da zaure asibitinsa. Kullum bayan la'asar zai fito da abin awon jini, irin na da mai famfo, ya zauna a kan buzu. Masu shayi, direbobi, matan aure da mayafansu, manoma daga Darki da Kausani da suka shigo gari, kowa ya miƙo hannu. Ba ya ba da magani, ya ce shi ba likita ba ne. Idan ya ga abin ya yi sama zai riƙe hannun mutum ya ƙi saki har sai ya yi alkawarin zuwa asibiti, wani lokaci ma ya ɗora shi a bayan keke ya kai shi da kansa. Akwai wata mai ƙosai a bakin layinmu da ya bi har gida yana yi wa mijinta magiya. Ranar rasuwar ita ta fi kowa kuka a tsakar gida, tana cewa ba don shi ba da tuni ciyawa ta fito a kanta.

Hannu ɗaya ne a duk unguwar bai taɓa riƙewa ba, na Baba.

Wanda ba ɗan gida ba zai ce wannan wace irin magana ce, mutum da iliminsa. To ilimi daban, abin da aka shayar da kai daban. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi su yi hira, ba ya kallonsa ido cikin ido. Ban taɓa jin sunan Baba a bakin Kaka ba. Mutumin nan yake cewa, ko baban yaran nan. Ga shi kuma ba shi ya riƙe shi ba. Yana can yana karatu aka kai Baba Achika wajen nasa kakan, ya tashi a cikin shanu, bai yi nisa a boko ba. Da Kaka ya dawo sai ya tarar da ƙato mai gemu yana durƙusa masa. Gaisuwarsu ta safe ba ta wuce an tashi lafiya, ya iyali, madalla, kowa kansa a sunkuye. Idan Baba zai shiga gida ya tarar ana awo a zaure, sai ya cire takalmi ya raɓa ta jikin bango ya wuce, Kaka kuma ya ƙura wa agogon abin awon ido kamar bai ga giftawarsa ba.

Kaka ne ya fara lura da ciwon Baba kafin kowa. Wata rana ya kira ni gefe ya ce in duba ƙafar mutumin nan idan ya dawo, da fuskarsa da safe. Ya ce kuma ya ga ledar ƙwayoyin haɗin nan na ciwon jiki da ake saya a kemis, waɗanda Baba ke watsawa duk ranar kasuwa don ya iya tsayuwa, kuma su ƙoda suke ci. Ya ce a gaya masa ya je a duba jininsa da fitsarinsa. Masu hular ba kowane asibiti ke iya auna su ba, amma ƙoda ana duba ta a nan kusa.

A gaya masa. Wa zai gaya masa? Ni ma fa 'yar farinsa ce. Yadda Kaka ba ya kiran sunansa, haka shi ma ba ya kiran nawa, yarinyar nan yake cewa ko da na yi aure na haihu. Tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa. Don haka ni sai in gaya wa Gwaggo, ita ce mai iya zama kusa da shi. Gwaggo kuwa mutuniyar kirki ce, amma idan ka ba ta saƙon doki, jaki take kaiwa. Na yi mata bayanin ƙoda da jini da ƙwayoyi, ta je ta ce masa Malam ya ce a rage gishiri da yaji. Baba ya ce to, ya ji, an gode.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na kafso. Wani mai lasifika a kasuwa ya sayar wa Baba kwalba, wai tana buɗe jijiya. Gwaggo ta ɗauko ta kawo wa Kaka ya duba. Yana karanta jikin kwalbar ya yi wata dariya marar daɗi, don arjinin ne a ciki, abin da ya yi rayuwarsa a kai. Ya ce a kwalbar gwaji gaskiya ne, idan ka tara masu buɗaɗɗen kai da yawa sukan ture masu hula daga tabarma. Amma a jikin mutumin da ƙodarsa ta gaji wannan ba magani ba ne, kuma mai irin ciwon nan ba ya haɗiyar abin da likita bai sani ba. Ya ce maza a karɓe. Gwaggo ta koma ta ce wa Baba, ai Malam ya san maganin nan sarai, a kansa ma ya yi bincike. Sai ga Baba yana nuna wa abokansa kwalbar a kasuwa da alfahari, wai aikin mahaifinsa ne.

Da labarin ya dawo wa Kaka, ranar ko tuwo bai ci ba. Daga nan ya ɓullo da sabuwar dabara. Duk ranar da na zo gida, sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a gindin katangar da ta raba sashensa da na Baba, daidai lokacin da ya san Baba yana ciki. Ya ce amarya zo in yi miki karatu. Sai ya ɗaga murya kamar mai wa'azi a kasuwa, ya faro daga wanzami, ya bi ta kan ƙoda, ya sauka a kan kumburin ƙafa da ciwon kai da abin da ke biyo baya idan aka yi sakaci. Ni da ke gabansa na haddace tun tuni, amma haka zan zauna ina cewa ikon Allah, sai kuma me. Inna ta ce mu biyu mun zama 'yan wasan kwaikwayo. Daga bayan katanga kuwa ko tari ba ma ji. Kafson dai mun ga ya daina sha, muka ɗauka mai lasifikar ne ya bar zuwa. Asibiti kam ko hanyar bai kalla ba.

A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba, kuma ba na wasan jika da kaka ba ne. Ranar na ga Baba ya fito alwala yana dafa bango, fuskar nan ta yi suntum. Raina ya ɓaci, na shiga na tarar da Kaka yana goge abin awonsa. Na ce masa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ya tashi ya je ya kama hannun ɗansa kamar yadda yake kama na mai ƙosai. Ya ce ba a haka a gidan nan. Na ce to a gidan nan binne mutum ake yi saboda kunya? Ya daka min tsawa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in san da wanda nake magana. Ni kuwa bakin nan nawa da ya daɗe yana yi wa tsiya ya ƙi rufuwa.

"Kai ka koya min mai hula biyu. To ga shi nan a gidanka. Kunyar nan taku kamarta ɗaya da girmamawa, ta zauna a tabarma, ita ba ta yi aiki ba, ba ta bar magana ta wuce ba."

Na zaci zai kore ni. Sai ya daɗe yana naɗe igiyar abin awon yana warwarewa. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba:

"Ban goya shi ba, ban yi masa tsarki ba, ban san ranar da ya fara tafiya ba. Yau kuma in je in ce miƙo hannunka?"

Na fita ina kuka don haushi da tausayi. Na yi kwanaki ban taka gidan ba.

Amma ya gwada, wannan shaida zan ba shi har gaban Allah. Inna ce ta ba ni labari. Wata safiya ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya saƙale abin awon a ƙarƙashinta, ya zagaya sashen Baba ya yi sallama. Baba ya fito a gigice, don rabon da mahaifinsa ya taka ƙofar ɗakinsa tun ranar sunana. Ya durƙusa da ƙyar a kan kumburarrun ƙafafun nan. Kaka ya tsaya a kansa, ya yi gyaran murya, ya sake yi. Sannan ya tambaye shi yaya kasuwar shanu a bana. Baba ya ce alhamdu lillahi. Kaka ya ce madalla, ya juyo. Inna ta ce da ya dawo ɗaki zama ya yi a bakin gado yana share gumi, ya ce mata gobe zai koma. Goben nan ita ce ta yi ta zama gobe har Juma'ar nan ta zo.

Zaman makoki ya ƙara min wani tashin hankalin a kan na mutuwar. Duk wanda ya zo, bayan ya haƙuri da Allah ya jiƙansa, magana ɗaya yake yi. Ka ga ikon Allah, mai lafiya ya tafi ya bar mai ciwo. Wanda ya san jijiya ciki da waje, ga shi ko sallama bai yi ba. Ai ciwo ba ya kisa, sai kwana ya ƙare. Gaskiya suke faɗa, ban musa ba, amma ina jin su daga cikin gida, kuma na san a kunnen wa take sauka. Ai kuwa ranar sadakar uku Gwaggo ta shigo ta ce ta yi wa Baba zancen asibiti, ya ce mata a bar maganar. Wai wanda ya fi kowa sanin abin ya riga shi, shi me zai je nema.

Na dubi Gwaggo, na dubi Inna da ke zaune cikin takaba tana jan carbi. Mai yi wa katanga karatu ya tafi. Idan na sake ba da saƙo, na san abin da zai isa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na riga na ɗanɗana kukan mutuwar Baba a cikin adaidaita, kuma ban ga yadda zan sake yin sa ba.

Da baƙi suka ragu bayan azahar Baba ya shigo ɗakinsa ya huta. Na bi shi. Ban tsaya a bakin ƙofa inda na saba ba, na shiga har ciki na zauna a ƙasa dab da ƙafafunsa. Ya firgita, ya janye su, ya kau da kai yana kallon bango. Na ce masa Baba, ƙodarka ce. Na ce Kaka ya daɗe da gani, kuma ba gishiri ya ce a rage ba, cewa ya yi idan ba a duba ka ba za mu rasa ka. Na fara yi masa bayanin jijiya da jini, bakina yana harɗewa, sai ya ɗaga min hannu.

"Na sani. Duk karatun da yake yi miki a gindin katanga ina zaune ta baya ina ji. Ba ranar da na tashi sai ya gama."

Na tambaye shi to me ya hana shi zuwa, tunda ya ji. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko a maƙabarta an ce bai yi ba, sai ga su suna bin gemunsa bai share ba.

"Na ga yana riƙe hannun kowa a zaure. Jira nake ya kira ni."

Haushin da ya taso min a lokacin ban san na wa ba ne, nasa ko na wanda ke kabari. Dattijai biyu, katanga ɗaya, kowa na jiran kowa. Na so in yi masifa irin wadda na saba. Abin da na iya kawai shi ne na miƙa hannu na kama nasa. Ban taɓa riƙe hannun Baba ba tunda na yi wayo, yana da nauyi, da zafi, fatar ta yi tauri saboda igiyar shanu.

"To ni na kira ka, Baba. Tashi mu je."

Ya dai bar hannun a nawa. Washegari da safe maigidana ya kawo mota, muka tarar da shi a zaune a ƙofar gida ya riga mu shiryawa. Likita ya ce an makara, amma ba a makara duka ba, akwai sauran abin da za a riƙe idan ya bi doka. Yanzu duk ranar asibiti ni ke raka shi, kuma har yau yarinyar nan yake ce min.

Allah ka jiƙan tsohon nan nawa, ka yalwata masa makwanci, ka saka masa da hannuwan bayinka da ya riƙe. Ɗayan da ya kasa kuma, kada ka tambaye shi, ya Allah. Ya je har bakin ƙofa.